«Although»: tarihin kalmar da ta ci mini maki uku

Shekarar da nake tarminal, wata ranar Talata mushenmu na Ingilishi ya maido mana da takardun dewar. An ce mu rubuta layi ashirin a kan iyalinmu. Ni dai na san na yi ƙoƙari, don kwana biyu na yi ina gyara, har da aron ƙamus wurin wani ɗan ajinmu. Da takardata ta iso hannuna sai na ga jan bik ya zagaye kalma guda a wuri uku, kowane wuri an cire maki ɗaya. Jimlar farko da aka taɓa ita ce wadda na fi alfahari da ita: «Although my father is poor, but he sent all of us to school.» Nufina, ko da yake mahaifina talaka ne, amma ya sa mu duka lakwal.

Na ɗaga hannu na ce, «Mushe, mi na ɓata nan?»

Ya ce, «Ɗaya za ka zaɓa, yaro. In ka sa although, to but ba ta da wurin zama.»

Na ce, «Ai haka muke faɗi da Hausa, ko da yake kaza, amma kaza.»

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, «Da Hausa ka rubuta?»

Aji ya fashe da dariya. Na zauna, amma abin ya tsaya mini a rai. Maki ukun ba su dame ni ba kamar yadda aka ce an yi kuskure ba a gaya mini dalili ba. Bayan na samu bak na shiga sashen Ingilishi a jami'a, sai na ɗauri niyyar bin diddigin kalmar nan har gidan ubanta. Abin da na tarar shi ne nake so in raba da ku a wanga ɗan littafi namu, musamman ƙannenmu da ke fama da ita yanzu. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ba wanda zai ƙara cewa Ingilishi darasi ne na cika lokaci. Mu ƴan Maraɗi ma da ke da Jibiya da Katsina a bakin ƙofa mun daɗe da sanin haka.

Aikin kalmar

Kafin tarihi, bari mu fahimci aikinta. A darasin Faransanci an koya mana abin da ake kira «concession», da su bien que da quoique da malgré. A sauƙaƙe, kalma ce da kake amfani da ita ka amince da wata gaskiya, sannan ka nuna cewa abin da ake zaton gaskiyar za ta haifar bai faru ba. Talauci kan hana uba sa ɗiyansa makaranta, wannan kowa ya sani. Jimlata ta yarda akwai talaucin, ta kuma ce bai hana ba. A Hausa masu wannan aiki su ne «ko da yake», «duk da», «duk da haka», wani lokaci «alhali». A Ingilishi uwar gidan ita ce though, sai ɗiyarta although. Don haka tarihin ya fara daga though.

Kafin zuwan baƙi

A ƙarni na 5 wasu ƙabilu suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Danmak na yau suka zauna a tsibirin Birtaniya. Daga sunan ɗaya daga cikinsu, Angil, aka samu Ingila da Ingilishi. Harshen da suka zo da shi, wanda masana ke kira tsohon Ingilishi, Bature ɗan Landan na yau ba zai iya karanta shi ba sai ya koya kamar baƙon harshe. A cikinsa kalmarmu tana nan, ana rubuta ta þēah. Harafin farkon nan mai kama da p sunansa «thorn», wato ƙaya, shi ne daga baya aka maye da th. Harafin h na ƙarshe kuwa ana furta shi daga maƙogwaro, kamar خ da muka koya a makarantar allo.

Kalmar tana da dangi a ƙetaren teku har yau. Jamusawa suna cewa doch, mutanen Holan suna cewa toch, duka da ma'anar «duk da haka». Wanda ya ji Bajamushe ya furta doch ya ji sautin maƙogwaron da Ingilishi ya yar. Wannan ya nuna kalmar ta girmi Ingila kanta, tun kakannin waɗannan al'ummu suna zaune wuri guda suke gardama da ita.

To amma ga abin mamaki. Da a ce þēah ce ta ci gaba da tafiya kai tsaye har yau, bisa yadda sauti ke sauyawa a Ingilishi, da ba «o» za mu ji a tsakiyarta ba. A rubuce-rubucen kudancin Ingila na ƙarni na 13 da na 14 ana ganin jikokinta na ainihi, irin su theigh da thei. Wannan «o» da muke furtawa baƙuwa ce, a jirgin ruwa ta zo.

Ƴan Arewan Turai

A watan Yuni na shekarar 793 wasu mahara daga ƙasashen Norwai da Danmak suka faɗa wa gidan ibadar Kirista na tsibirin Lindisfan, a gabar arewa maso gabashin Ingila. Su ne ake kira Baikin, ko kuma «mutanen arewa». Da farko hari suke kawowa su kwashi ganima su koma. A 865 kuwa babbar runduna ta sauka da niyyar zama. A 866 suka ci birnin Yok. Sarautun Ingila suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ta Wesaks a kudu, inda sarki Alfred ya ci su da yaƙi a Edington a 878. Aka yi sulhu, aka raba ƙasa. Arewa da gabas suka zama yankin da dokar mutanen Danmak ke aiki. Daga baya ma, a 1016, wani ɗan Danmak mai suna Kanut ya hau gadon sarautar Ingila duka.

Abin da ya shafe mu ya faru ne bayan an ajiye takubba. Maharan nan suka zama manoma da ƴan kasuwa, suka auri matan gari, suka haifi ɗiya. Yawancin garuruwan Ingila da sunansu ya ƙare da «by», kamar Derby da masu kallon ƙwallo suka sani, ko Grimsby, zamansu ne, don a harshensu kalmar na nufin ƙauye ko gona. Harshen nasu kuma ɗan uwan tsohon Ingilishi ne, kusancin da ya sa in an yi haƙuri za a ɗan fahimci juna a kasuwa. Yaron da ubansa ke cewa þó uwarsa na cewa þēah ya san abu ɗaya suke nufi, sai ya ɗauki wadda ta fi yawa a unguwarsu. Masana sun ƙiyasta cewa a lokacin siffar ta ƴan arewa tana ɗauke da sautin maƙogwaro a ƙarshe, wato þóh.

Shaidar rubutu ta zo daga baya. A ƙarshen ƙarni na 12 wani malamin coci a gabashin Ingila mai suna Orm, wanda sunansa ma na ƴan arewa ne, ya rubuta littafin wa'azi da ake kira Ormulum. Mutum ne mai tsananin kula da rubuta kalma yadda ake furta ta. A wurinsa kalmarmu ta fito a matsayin þohh. A littafin nan ne kuma ake samun ɗaya daga cikin shaidun farko na kalmar they. Ku tsaya nan ku yi tunani. They, them, their, duka na ƴan arewa ne. Haka take da give da sky da skin da egg da window. Daga arewa siffar mai «o» ta riƙa gangarowa kudu, kafin shekarar 1500 ta zama ita ce ta kowa.

Aron sunan kaya abu ne mai sauƙi. Mu ma mun ari «mota» da «tebur» da «kaye» da «bik». Amma a ari kalmar da ke haɗa jimla da jimla, wannan sai an yi zaman tare mai zurfi. Da na fahimci haka sai na waiwayi tamu «amma», wadda ta jawo mini jan bik. Ashe ita ma baƙuwa ce. Daga Larabci ta zo, inda take nufin «game da kaza kuwa», kamar yadda muke ji a huɗuba in liman ya ce «amma ba'adu». Ta shigo ta hanyar malamai da littattafai da fatake, ta sauya aiki, ta zauna daram har ba mai jin baƙuncinta. Zabarmawa ma «amma» suke cewa, haka Fulani da Barebari. «Alhali» ita ma daga Larabci take. Kenan ranar da na rubuta jimlar nan, baƙuwa daga Danmak na haɗa da fassarar baƙuwa daga Larabawa, aka ce ba za su zauna ɗaki ɗaya ba.

Yadda «duk» ta shigo

A ƙarni na 14 aka fara ganin mutane suna sa al, wato all ta yau, a gaban though don ƙarfafa ta. Da farko kalmomi biyu ne, al thogh, sannan suka manne. Cosa, babban marubucin Landan da ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita. A wannan zamani ne kuma aka samu albeit, wadda asalinta kalmomi uku ne, al be it, wato «duk da ya kasance haka», da nevertheless, wato «bai ragu da komai ba».

Ranar da na karanta wannan a laburare sai da na yi dariya ni kaɗai. All ai ita ce «duk». Although kenan gininta ɗaya da «duk da». Even though kuma ita ce «ko da yake», don even a nan «ko» take nufi. Faransanci ma yana da tout a cikin toutefois da malgré tout. Ba wanda ya kwaikwayi wani. Masu nazarin harsuna sun lura cewa a harsuna da yawa na duniya kalmomin irin wannan aiki daga wurare kaɗan suke fitowa: daga kalmar «duka», daga kalmar «ko», ko daga kalmar lokaci. Misalin na ƙarshe shi ne cependant, wadda asalinta «ana cikin haka» ne, da while ta Ingilishi. Dalilin a fili yake. In kana so ka ce abu bai hana ba, sai ka tattara shi duka ka aza a kan sikeli, ka nuna har yanzu ɗaya gefen ya rinjaya.

Rabon Faransanci

Mu da muka tashi da Faransanci muna da gado a wannan gida. A 1066 Giyom na Normandi, wanda shi ma jikan ƴan arewan nan ne da suka zauna a Faransa suka koma jin Faransanci, ya ci Ingila a yaƙin Hestins. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu. Daga nan Ingilishi ya samu despite, daga tsohuwar kalmar Faransanci despit, mai nufin raini, wadda ta zama dépit a yau. In ka ce despite the rain, asalin maganar shi ne ka raina ruwan saman ka yi tafiyarka. Spite ta cikin in spite of ita ce dai despite aka gutsure mata kai. Notwithstanding kuwa fassara ce gaɓa da gaɓa ta non obstante ta Latin, wadda muke gani a takardun hukuma da siffar nonobstant. Har malgré ta taɓa shiga Ingilishi a matsayin maugre, ta yi zamaninta ta mutu. Though dai ba ta gusa ba. Kalmomin fada suka zo suka zauna kusa da ita, ita kuwa tana bakin talakawa.

Wahalar «gh»

Saura tambayar da kowane ɗan sizyam ke yi: don mi ake rubuta haruffa shida a furta sauti biyu? A ajinmu wasu «zo» suke cewa, har in mushe ya ce a maimaita sai wani shaƙiyyi daga baya ya amsa «ga ni nan tafe». Maƙwabtanmu na Najeriya kuma «do» suke cewa.

Amsar ita ce gh ɗin nan kabarin sautin maƙogwaro ne. Marubutan da suka zo bayan 1066 suka riƙa rubuta shi da wani harafi mai kama da 3, sannan da gh. A 1476 Wiliyam Kakston ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Wesminista, rubutu ya fara daskarewa. Baki kuwa bai tsaya ba. Cikin ƙarni biyu da suka biyo sautin ya ɓace a wasu kalmomi, kamar night da daughter da though, a wasu kuma ya koma «f», kamar laugh da cough da enough. A wasu karkarun Ingila har thof an riƙa cewa. Shi ya sa though da through da tough da cough suke kama a ido, kowace da furucinta a baki.

An taɓa yunƙurin gyarawa. A 1906 aka kafa wani kwamiti a Amurka don sauƙaƙa rubutu, da kuɗin attajirin nan Andru Kanegi. Suka fitar da jerin kalmomi 300, ciki har da tho da altho da thru. A watan Agusta shugaba Tiyodo Rusabelt ya ba da umarni ma'aikatar buga takardun gwamnati ta bi jerin. Jaridu suka yi ta yi masa ba'a, majalisa ta ƙi, a watan Disamba ya janye. Abin da shugaban ƙasa ya kasa, yau ga shi matasa suna yi a WhatsApp da Facebook ba da umarnin kowa ba, tho suke rubutawa. Ku dai kada ku kai ta takardar jarrabawa.

Abin da ya kamata a riƙe

Ga abin da zai amfane ku ranar bak. Although tana buƙatar cikakkiyar jimla a bayanta, mai aikatau: although it rained. Despite kuwa suna take bi: despite the rain. Kada ku sa mata of, wannan tarkon en dépit de ne, of ta in spite of ce kaɗai.

Though tana iya duk abin da although ke yi, ta kuma fi ta sakewa. Tana iya zuwa ƙarshen magana: «The tea is good. It is too sweet, though.» Wato shayin ya yi daɗi, sai dai sukari ya yi yawa. Although ba ta zama a wannan wuri.

Even though da even if ba ɗaya ba ne, kuma Hausa ta fi Faransanci saurin nuna bambancin. «Ko da yake an yi ruwa, na tafi», ruwan ya sauka da gaske, wannan even though ce. «Ko da an yi ruwa, zan tafi», ba a san ko za a yi ba, wannan even if ce. «Yake» ɗin nan kaɗai ta raba su.

Sannan ku huta da fargabar subjonctif da bien que ta saba jefa mu ciki. Ingilishin yau ba ya neman sa bayan although. A da ya nema, be ɗin cikin albeit ragowarsa ce.

Komawa ga maki uku

To, mushe ya yi gaskiya ko bai yi ba? Ya yi. A ƙa'idar Ingilishin yau although ta riga ta ɗauki nauyin saɓanin, but ta zama maimaici, duk mai gyaran takarda zai soke ta. Sai dai na gano abin da bai gaya mana ba, wataƙila don lokaci bai ba shi ba, aji ya fi mutum saba'in. Ingilishi da kansa ya daɗe yana ninka alamar. A zamanin Shekspiya, da cikin fassarar Baibul ta 1611, tsarin though a farko da yet a tsakiya abu ne da aka saba, kuma har yau ba a ɗauke shi kuskure ba, tsohon yayi dai ne. Sinanci ma yana sa alama a gaɓar farko ya sake sa wata a ta biyu, shi ya sa ɗaliban Sin suke yin irin kuskurena daidai wa daida. Kenan abin da na yi ba rashin hankali ba ne. Ƙa'idar wani harshe na ɗauka na kai inda ba a bin ta. Da an faɗa mini haka a ranar, da na gyara ba tare da na ji kunyar harshena ba. Na san ɗalibai da yawa da irin dariyar nan ta sa suka daina ɗaga hannu har suka bar lise.

Da hutu ya zo na koma gida, wata rana bayan la'asar na ba mahaifina labarin duka, tun daga jan bik har zuwa Baikin. Bai yi boko ba, amma ya saurara har ƙarshe. Na fassara masa jimlar, na ce Turawa sun ce a cire «amma».

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, «Su suka sani. Ni dai a wurina amma ɗin nan ita ce maganar. Talaucin ai kowa na da shi.»

Na ce, «Baba, a nasu harshen although ɗin ce ke ɗauke da ita tun daga farko.»

Ya ce, «To ka rubuta musu yadda suke so, ka ci jarrabawarka. In ka zo gida ka faɗa mini da amma.»

Haka nake yi har yau. Ku ma ƙannena, a takarda ku zaɓi ɗaya, although ko but. In kuma wani a cikinku yana da kalmar da ta taɓa ci masa maki, ta Ingilishi ko ta Faransanci ko ma ta Hausa, ya bi diddiginta ya kawo mana, mu sa a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.